Kilo Bakwai

Takardar jirgi ta ce kilo bakwai.
Na karanta wa Inna, ta ce, "Bakwai na me?
Zakaran Tabawa ma, in ya ƙoshi, ya kusa rabin haka."

Da hantsi na shiga babbar kasuwar Garwa,
rumfar Alhaji Barau mai akwatuna.
Ya jawo wani ja, mai taya huɗu da kwaɗo,
ya buga masa tafi,
ya ce ko dorina ta taka shi ba zai fashe ba.
Na ɗaga shi wofi, kafaɗata ta amsa.
Na ce, Alhaji, wannan shi kaɗai ya cinye rabin rabona,
kuma inda za ni babu dorina.
Can ƙasa, bayan buhun takalma,
ga wata baƙar jaka ta yadi, ba ado,
zik ɗinta ɗaya yana cijewa.
Ita na saya, sefa dubu tara bayan mun sha ciniki.
Gyarana guntun kyandir, wai in riƙa goga wa zik.

Bayan isha'i aka aro sikelin Dudu mai kifi,
wanda take auna giwan ruwa a bakin Binuwai.
Muka rataye shi a reshen dogon yaro.
Jaka ta hau ƙugiya, allura ta zarce sha uku,
yara suka yi shewa kamar na ci gasa.

Sai ragi.
Atamfa biyar suka koma biyu.
Takalmin biki ya koma ƙarƙashin gado,
ba rawa za ni Kazablanka ba,
wata uku ne, in koyo yadda ake cire yanar ido
don tsofaffin da ke layi a ƙofar asibitinmu
kowa riƙe da hannun jikansa.
Littattafai uku masu kauri, na ɗauke su hoto a waya
shafi-shafi, har babban yatsana ya sage.
Rigar sanyi a jiki zan sa ta,
ko da gumi zai jiƙa ni a filin jirgi.
Man shafawa, an ce kwalba kada ta wuce tafin hannu,
na tsiyaya kaɗan,
saura na Kulu ne, wadda tun jiya take zagaya shi.

Tara da rabi.

Inna na kan tabarma, ba ta tanka ba.
Abin da ya rage nata ne:
kilishi, dakuwa, kuka, daddawa,
kowanne da irin ƙullinsa.
Na zaro kilishi, na ce an hana nama ƙetare iyaka.
Na zaro dakuwa, ban sami abin faɗa ba.
Ta dubi allurar sikeli kamar mai duban baƙon da bai yi sallama ba.
Can ta ce, "Kakanki Nomau
da ƙafa ya iso garin nan,
buta, buzu, sanda.
Amma bai bar yaji a gida ba."
Ta miƙe ta shiga ɗaki.

Bakwai cif.

A filin jirgi sikelinsu mai lambobi ya ce bakwai da ɗigo biyu.
Gabana ya faɗi.
Ma'aikaciyar ta dubi jaka, ta dubi rigar sanyina,
ta danne dariya, ta ce in wuce.

Sai a ɗakin kwana na Kazablanka, hawa na huɗu,
na gano ɗigo biyun
cikin safa, ƙulle da bakin tsohon zanen Inna.
Na yi atishawa sau uku ni kaɗai.

Da na zo rataye jakar a bayan ƙofa,
hannunta, daidai inda ƙugiyar Dudu ta kama,
yana ƙarnin kifi.
Na ɗauko sabulu.
Na tsaya.
Na mayar da shi.